Littafi Biyu, Kanta Ɗaya

Moutari ya zo Greensboro daga Maradi da sana'ar da bai yi zaton za ta yi masa amfani a Amurka ba. A gida mai zane ne. Shi ke yin allon masu aski, da bangon gidajen abinci, da bayan manyan motocin da ke zuwa Agadez. A nan kuwa aikin da ya samu shi ne loda kujeru da gadaje a wani sito, daga safe har la'asar. Ya daɗe bai taɓa buroshi ba, sai da Alhaji Badaru, wani Bakano mai shagon kayan abincin gida a East Greensboro, ya ji labarinsa a masallaci. Ya ce ya zo ya yi masa wani abu a gilashin shagon, don masu wucewa a mota su san abin da ake sayarwa.

Moutari ya zana doya da buhun shinkafa da manja, a tsakiya kuma ya sa rago mai ƙaho a murɗe. Ragon nan ne ya tsayar da Sylvanus.

Sylvanus baƙar fatar Amurka ne, dogo, gemunsa ya fara furfura, yana koyar da lissafi a wata sakandare. Barkono ya zo saye. Ya daɗe a tsaye gaban gilashin kafin ya shiga ya tambayi wanda ya yi zanen. Alhaji ya nuna masa Moutari, wanda a lokacin yake wanke hannu a bokiti.

"Ragon nan naka tunanin wani abu yake yi," in ji Sylvanus da Turanci. "Na ga masu zane da yawa, amma dabbobinsu ba sa tunani. Ka taɓa yi wa littafi zane?"

Moutari ya ce bai taɓa ba. Sylvanus ya ce ya zo gidansa ranar Asabar ya ga wani abu.

Gidan yana McLeansville, can bayan gari inda gidaje ke nesa da juna, gonaki a tsakaninsu. Abin da Moutari ya fara gani da ya fito daga mota shi ne zabi suna kiwo a ciyawa, suna ta surutu kamar a Tibiri. Tibiri ɗin can gida ne, kusa da Maradi. Ya yi dariya har Sylvanus ya tambaye shi lafiya. Da ya ji dalili, shi ma ya yi dariya, ya ce ai sunan kamfaninsa na buga littattafai ma daga su ya samo shi. Kamfanin kuwa gareji ne, da kwamfuta ɗaya, da kwalaye jere a jikin bango.

A tsakiyar garejin akwai babban tebur, mutum huɗu suna zaune, kowa da takarda da fensir. Ga kuma dayis irin na ludo, sai dai wasu suna da fuskoki da yawa. Sylvanus ya zauna ya fara ba da labari: ga su a bakin wani kogo, rana ta kusa faɗuwa, suna jin motsi a ciki. Sai ya dubi wata mata mai tabarau.

"Me za ki yi?"

Ta ce za ta kunna fitila ta leƙa. Ta jefa dayis, aka duba, Sylvanus ya ce iska ta kashe fitilar. Aka yi ta musu a kan wanda zai fara shiga.

Moutari ya zuba ido yana kallo. Can ya sunkuya ya tambayi Sylvanus a hankali ko ana sa kuɗi.

"Ko kaɗan. Ba mai ci, ba wanda ake ci. Labari ne kawai, kowa yana da mutum ɗaya a ciki. Dayis ɗin shi ke faɗin ko abin da ka yi niyya ya yiwu ko bai yiwu ba."

Da ya koma gida, matarsa Oumou ta tambaye shi abin da ya gano. Ya ce, "To, manya ne da gemu suna tatsuniya, amma mai saurare ma yana da bakin magana a ciki. Kuma littattafan da suke dubawa, shi yake buga su."

"To kai mi naka a ciki?"

"Zane yake so."

Daga baya ne ya fahimci yadda kasuwar take. Sylvanus ya kai shi shagon wata dattijuwa mai suna Lorraine, ita ce mai sayar da irin waɗannan littattafai a garin. Ya tsaya gaban wata doguwar kanta ya ware hannuwansa biyu. Ya ce duk abin da ke tsakanin hannuwan nan, har da ƙari, na babban kamfani ne guda ɗaya, wanda kusan kowa wasansa yake yi. Abin da ya rage a ƙarshen kantar, wanda bai fi kamu biyu ba, shi sauran masu bugawa suke rabawa. Amma kwanan nan babban kamfanin ya ba ƙanana izinin rubuta littattafai da dokokin wasansa, don haka mai saye ba sai ya koyi sabuwar doka ba. Ƙofa ta buɗe ke nan.

"Kowa dazuzzuka da gidajen sarauta na duwatsu yake bugawa," in ji Sylvanus. "Ni wata ƙasa nake so, mai rairayi da rijiyoyi da ayari. Na karanta a littattafai, amma ban taɓa gani ba."

Haka suka fara. Kowace Asabar Moutari ya je McLeansville da takardunsa. Sylvanus ya yi ta tambaya, shi kuma ya amsa da abin da ya sani, inda bai sani ba ya ce bai sani ba, su ƙirƙira tare. Ya zana rumbuna, da masu jan guga, da bakin kasuwa da hantsi, da raƙumin da ya ƙi tashi. Sylvanus ya ƙara da nasa, dodanni da biranen da rairayi ya binne. Suka sa wa littafin suna Rijiyoyin Gishiri.

Ya fito a 2002, kuma ya samu karɓuwa fiye da yadda suka zata. Wani babban dila ya ɗauka ya raba wa shaguna a jihohi da dama. Lorraine ta juya bangonsa yana kallon masu shigowa, abin da ba ta cika yi wa ƙananan kamfanoni ba. Moutari ya kai wa Alhaji Badaru kwafi ɗaya. Alhaji ya sa tabarau ya buɗa shafi-shafi, ya tsaya a kan hoton mai sayar da goro.

"Malam Moutari, wannan ai kamar na san shi."

"Wallahi Alhaji ba kowa ba ne, daga kaina ya hito."

"To kanka ya san kasuwar Kurmi," in ji Alhaji. Ya ajiye littafin kusa da injin kuɗi, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa.

Sun yi na biyu, shi ma bai yi laifi ba. Sai dai ƙofar da ta buɗe musu, ta buɗe wa kowa. Duk mai kwamfuta da ɗan abin hannu ya zama mai buga littafi. Kowane wata sababbi suna zuwa, masu kyau da marasa kyau, kantar Lorraine kuwa ba ta ƙara tsawo ba. Masu saye suka fara gajiya. Wanda ya sayi littafi biyu marasa daɗi, ba ya ƙara kallon ƙarshen kantar.

A cikin wannan cunkoso ne wani kamfani na Ohio ya fitar da nasa littafin na hamada. Ba su kai babban kamfanin ba, amma sun ninka Sylvanus nesa ba kusa ba: suna da ofis da ma'aikata, suna talla a mujallu. Littafinsu mai bangon kwali ne, kowane shafi da launi, alhali na Sylvanus baƙi da fari ne. Moutari ya ɗauka a shagon ya duba. Zanen ya yi kyau, bai musa ba. Rairayin ya yi santsi da yawa, mutanen kuma duk da takobi, amma wanda ya yi aikin ya iya.

Lorraine ta same su a gaban kantar. Ba ta yi kwana-kwana ba.

"Sylvanus, ka san ina son littafinka. Amma ba zan iya ajiye hamada biyu ba. Yara suna shigowa da sunan na Ohio a bakinsu, sun gani a mujalla. Naka sai na yi musu bayani."

"Na gane," in ji Sylvanus.

"Zan bar kwafi ɗaya a ƙasa. Idan an tambaya, zan kira ka."

Ba a jima ba dilan ma ya buga waya ya ce zai rage ƙananan kamfanonin da yake hulɗa da su. Kwalayen littafinsu na uku suka dawo gareji ba a ko buɗe wasu ba. Sylvanus ya jera su a jikin bango, ya shimfiɗa tsohon labule a kai. 'Yan wasan Asabar suka riƙa ɗora kofunan shayi a kansu. Bai yi fushi da kowa ba. Abin da Moutari ya lura da shi kawai, idan yana ba da labari a tebur, yakan manta inda ya tsaya.

Wata ranar Talata, Moutari ya dawo daga sito yana cire takalma, Oumou ta ce wata Baturiya ta kira daga Ohio, ta ce za ta sake kira. Ta kuwa kira kafin magariba. Ita ce mai kula da zane a kamfanin. Ta ce sun ga aikinsa a Rijiyoyin Gishiri, suna shirin jerin littattafai a kan ƙasarsu ta hamada, suna son shi ya yi bango da yawancin hotunan ciki. Aiki ne mai ɗorewa, daga gida zai riƙa yi yana aikawa. Sharaɗi ɗaya ne: muddin yana yi musu, ba zai yi wa wani kamfani zanen hamada ba.

Ya ce zai yi shawara.

Bayan sun ci tuwo ya gaya wa Oumou duka. Ta saurara tana tattara kwanuka.

"Bayanka fa?" ta ce. "Kullum ka dawo sai na gasa maka. Har yaushe za ka yi ta ɗaukar gadajen mutane?"

"Na sani. Amma mutumin nan shi ya tsamo ni daga gilashin Alhaji. Kuma su ne suka ture shi daga kanta."

"Su suka ture shi, ko kasuwa?"

"Duk ɗaya ne a wurin wanda aka ture."

Ta zauna kusa da shi. "Malam, ni ban ce ka karɓa ba, ban ce ka ƙi ba. Amma kar ya ji a bakin wani. Ka tahi ka same shi."

Bai jira Asabar ba. Washegari da ya tashi daga aiki ya wuce McLeansville. Ya tarar da Sylvanus a bayan gida yana gyara shingen waya, ya riƙe masa ƙarshen wayar, suna aiki yana faɗa masa. Sylvanus bai katse shi ba. Da ya gama, sai da ya ɗaure wayar a jikin turke ya yanke ragowar kafin ya yi magana.

"Na yi tsammanin za su neme ka. Da ni ne su, da tuni na yi."

"Ban amsa musu ba."

"Me ya hana?"

Moutari ya rasa yadda zai faɗa da Turanci. Ya ce, "Mu biyu muka yi ƙasar nan."

"Haka ne. Kuma ba zan ce maka ban ji zafi ba, na ji." Sylvanus ya share gumi da bayan hannu. "Amma duba garejin can. Ba ni da littafi na huɗu da zan ba ka, bana dai babu, baɗi ma ban sani ba. Idan ka ƙi su, ba kantata ka ceto ba. Wani za su ɗauka, ya zana raƙumi kamar doki mai ƙusumbi, kai kuma kana sito. Ni ina da makaranta. Kai me kake da shi?"

Can Sylvanus ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Sun hana ka yi mini zane, ba su hana ka zama a teburina ba. Ka shekara biyu kana kallo daga gefe. Asabar ɗin nan za ka ɗauki fensir ka shiga labarin."

Moutari ya karɓi aikin Ohio. Ya rage kwanakin sito, daga baya ya bari gaba ɗaya. Ya sa tebur a gefen falo inda haske ke shigowa. Mutanen Ohio ba su da wahalar sha'ani, sai dai sun san abin da suke so. Idan ya aika hoton kasuwa, sai a ce ya yi kyau, amma a ƙara mutum mai takobi a gaba. Ya ƙara. Wani lokaci ya yi gardama a kan yadda ake naɗa rawani ko ɗaure kaya a kan raƙumi, su yarda. Wani lokaci su ce masu saye sun saba da ɗayan, ya bar musu.

Ranar da littafin farko mai bangonsa ya iso shagon Lorraine, ya je shi kaɗai. Littafin yana nan a tsaye yana kallon masu shigowa, daidai inda Rijiyoyin Gishiri ya taɓa zama. Launin ya fito fes, bai taɓa ganin aikinsa da kyau haka ba. Ya ji daɗi, ba zai ɓoye wa kansa ba. Sai ya durƙusa ya duba kantar ƙasa. Kwafin Sylvanus yana nan tsakanin wasu littattafai, gefensa kawai ake gani. Ya zaro shi, ya goge ƙurar da hannun rigarsa, ya mayar. Lorraine tana kallonsa daga wurin zamanta.

Ranar Asabar ya kai wa Sylvanus sabon littafin, yana ɗar-ɗar. Sylvanus ya daɗe yana duba bangon.

"Sun sa ka ƙara wannan mai takobin, ko?"

"Sun sa."

"An gani. Amma jakin da ke bayansa naka ne." Ya miƙa wa matar nan mai tabarau. "Ku gani, mutuminmu ne ya yi."

Daga nan Sylvanus ya daina neman wuri a kanta. Ya ce ya gaji da yin takara da masu launi. Ya zauna ya rubuta dokokin wasa nasa na kansa, gajeru, waɗanda mutum zai koya kafin shayi ya huce. Maimakon ya kai maɗaba'a, sai ya riƙa sayar da ƙananan littattafai ta intanet, mai so ya sauke ya buga a gidansa. Masu sayen ba su da yawa. Idan aka yi maganar rabon kasuwa, ba a ma ambatonsa. Amma akwai wasu a Kanada, da wani malami a Jamus, da suke jiran duk abin da ya fitar, suna aiko masa da labarin yadda wasansu ya kaya. Kwalayen gareji kuwa ya riƙa kai su wuraren baje-koli a bayan mota, suna raguwa a hankali.

Shi ma kamfanin Ohio bai dawwama a hamada ba. Bayan 'yan shekaru masu saye suka koma son jiragen ruwa da 'yan fashin teku, kamfanin ya rufe jerin ya bi su. Matar nan mai kula da zane ta kira Moutari ta yi masa godiya, ta ce sharaɗin ya faɗi, za su riƙa aiko masa da aiki jefi-jefi. A lokacin sunansa ya ɗan zagaya, wasu kamfanoni biyu suna ba shi aiki, kuma masu shaguna a gari sun gano shi. Bai yi arziki ba, bai kuma koma sito ba.

Da Sylvanus ya ji, ya ce dama yana da wani ɗan littafi a kan masunta, mutanen da ke zaune a tsibirai cikin wani babban kogi. Yana son hoto shida ko bakwai, baƙi da fari.

Moutari ya gwada a gida. Kwale-kwalen ya fito, masuncin ya fito, tarun ma ya fito. Ruwan ne ya ƙi. Ya yi ya sake, kullum sai ya zama kamar tabarma ko kwanon rufi. Oumou ta leƙa ta ce, "Wannan a kan mi yake zaune?" Ya kira Sylvanus ya gaya masa gaskiya: shi mutumin Maradi ne, gulbinsu rabin shekara a bushe yake, bai taɓa koyon zana ruwa ba.

"To Asabar ɗin nan ba za a yi wasa ba," in ji Sylvanus. "Ka zo da takardunka."

Suka tafi wani tafki a arewacin gari da hantsi. Oumou ta haɗa musu shayi a fulas da soyayyen nama. Wurin ba kowa sai wani tsoho can nesa da ƙugiyarsa. Sylvanus ya baje a kan benci ya buɗe takardun jarrabawar ɗalibansa yana dubawa. Moutari ya zauna a kan dutse daf da ruwan, allo a cinya, bai zana komai ba tukuna. Ya ga inda iska ta taɓa, wurin ya yi duhu ya yamutse, inda ba ta taɓa ba kuma sararin sama ne kawai a kwance. Ya ga inuwar itace tana karyewa gunduwa-gunduwa idan ta zo kusa da shi. Ashe yawancin ruwan ba a zana shi, farar takardar ake bari.

Ya ja layi uku gajeru, ya bar fili, ya ƙara biyu a ƙasa. Ya ɗaga takardar ya nisanta ta da fuskarsa.

"Sylvanus, zo ka gani. Ya fara jiƙa?"

Sylvanus ya taso da jan biro a hannu, ya sunkuya ya duba.

"Gefen hagu ya jiƙa," ya ce. "Na dama har yanzu tabarma ne."

Moutari ya juya sabon shafi ya gyara zama.